An Sace Barkono da Shekarunta

"Hannu ɗaya ce, Hajiya. Wani likita ne ya riƙe ta, daga gida sai ofis."

Dillalin yana magana yana shafa bonet da gefen hannun rigarsa. Kowace mota a filinsa hannu ɗaya ce, shi ya sa duk kasuwar motoci ba a san shi da wani suna ba sai Hannu-Ɗaya.

Motar ja ce, irin ta tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta ƙasa har mutum sai ya durƙusa kafin ya shiga. Mai sayen kuwa babbar ungozoma ce a wani asibiti, shekararta hamsin da takwas, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ta sunkuya ta duba mita.

"Kilomita dubu ɗari biyu da casa'in da huɗu. Ofishin likitan nan a wata duniyar yake?"

Hannu-Ɗaya ya yi dariya, ko kunya babu. "Jiya ta iso, ban samu na yi mata kwalliya ba. Ba ni zuwa gobe in sa a rage mata mita. Kyauta zan yi miki. Ranar da za ki sayar sai kin gode mini."

"Ka ga na shafa wa kaina baƙi? Bar mata shekarunta."

"To amma Hajiya, wannan fa motar samari ce. Ba wurin jikoki, ba wurin cefane. Ga wata can mai kujera bakwai."

"Shekara talatin ina tuƙa mai kujera bakwai. Kowa da kayansa, kowa da inda za a sauke shi. Wannan nake so, da ita zan riƙa zuwa aiki kullum. Tashe ta in ji."

Hannu-Ɗaya ya shiga, ya murɗa makulli rabi, ya ɗaga tafin hannu ya mari dashbod sau biyu ta hagun sitiyari. Wani abu ya yi ƙugi can baya. Sannan ya ƙarasa murɗawa, injin ya ɗauka da gurnani har ƙura ta tashi.

"Wata 'yar waya ce ta saki a ciki," in ji shi. "In ba a mare ta ba, ko kwana za a yi ana murɗawa ba ta tashi. Bakanike zai gyara a minti goma."

"Ba wanda zai gyara. Ɓarawon da bai san marin ba sai ya ɗauke ta a ka."

Suka ja, suka saki, suka tsaya a tsakiya. Ya miƙa mata makulli biyu a zobe ɗaya. Kafin sati ya zagayo ma'aikatan asibiti sun raɗa wa motar suna Barkono.

Wata biyar bayan haka, ranar wata Talata da azahar, Ungozoma ta shigo caji ofis da fararen kayan aikinta, ta tsaya gaban kantar 'yan sanda.

"An sace mini mota a cikin asibiti, ina ɗakin haihuwa ina karɓar tagwaye."

Sufeto ne ya fito da kansa. Mutum ne siriri, mai magana a hankali, irin waɗanda ba ka gane sun gama da kai sai ka ji ƙarfe a wuyan hannu. Bai gama buɗe fayil ba sai ga wani ya shigo da sauri, da rigar ofis mai guga da waya biyu a hannu. Ɗanta ne na fari, injiniya a wani kamfani.

"Ranka ya daɗe, kafin ku wahalar da kanku, a duba ko wani wuri ta ajiye ta. Umma ta fara 'yar mantuwa."

Ta juyo ta dube shi tun daga takalmi har kai. "Babana, ƙarfe huɗu da minti goma na asuba na haife ka, da ƙafa ka fito. Ko shi ma na manta?"

Saje da ke rubutu a gefe ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Injiniya bai ji daɗi ba, amma ya ci gaba. Ya ce tun ranar da aka sayi motar nan iyali ba su da kwanciyar hankali. Tsohuwar mota, mai gudu, kullum tana gareji, ga shekarun Umma. An zauna an yanke shawara ta ajiye aiki ta koma gidansa, ga ɗaki an gyara, ga direba.

"An yanke, ban yanke ba," in ji ta. "Sufeto, bari in faɗa maka gaskiya. Duk abin da na tara shi na zuba a motar nan, ba ni da halin wata. In ba ta dawo ba, sun samu abin da suke so: a sa ni a kujerar baya a rufe ƙofa. To ban shirya ba."

"Nawa mita ta nuna yau da safe, Mama?" in ji Sufeto.

"Dubu ɗari biyu da casa'in da tara da ɗari huɗu da goma sha biyu. Saura kaɗan ta cika dubu ɗari uku. Na yi niyyar in tsaya gefen hanya in ga lambobin sun juye da idona."

Sufeto ya ɗago ya dubi Injiniya. Ya ɗauki hularsa.

A asibiti, inda Barkono ke tsayawa ƙarƙashin wata bishiya, ba fasasshen gilashi, ba alamar an ja mota. Sai wani kwali a ƙasa da ɗigon baƙin mai, taya ta bi ta kansa. Ungozoma ta ce ita ke shimfiɗa shi kowace safiya, don motar tana ɗan zubar da mai.

Maigadi yana zaune a benci cikin rumfarsa, dattijo ne mai ƙaton sanda.

"Baba, wa ya fita da motar?" in ji Sufeto.

"Sista ce. Da idona na gan ta, wajen sha ɗaya."

"Sista tana karɓar haihuwa a lokacin. Mutum shida sun shaida."

"To ni dai na gan ta."

Sufeto ya ce masa ya matsa, ya zauna a inda yake. Ya sa Saje ya tsaya bakin ƙofa ya sauke hannu daidai tsayin motar. Daga kan bencin, katangar rumfa ta tare komai.

"Daga nan rufinta kaɗai ake gani, Baba. Ka tashi tsaye?"

Maigadi ya sosa ƙeya. "Gwiwar nan ce, ranka ya daɗe. In na ji kukan Barkono igiya kawai nake ja, ƙarfen ƙofa ya ɗaga. Duk garin nan ba mai irin kukanta."

"Ba abin da ya ba ka mamaki?"

"Akwai. Sista ba ta wucewa sai ta yi oda ta tambaye ni jikin mai ɗakina. Yau shiru. Na ce ko na yi mata laifi."

"Ka ji ana ta fama da ita kafin ta tashi?"

"A'a. Bugu ɗaya ta ɗauka, kamar kullum."

Ungozoma ta ce, "To wanda ya ɗauka ya san marin." Ta yi wa Sufeto bayanin murɗa rabi da mari biyu.

"Su wa suka sani?"

"Ni, da bakanikena, da wanda ya sayar mini."

"Ɗanki fa?"

"Injiniya? Bai taɓa sa ƙafarsa a ciki ba. Ya ce abokansa za su gan shi."

Daga nan suka wuce gidanta. Ɗaki biyu ne da falo, tsaf, ga hoton marigayi mijinta a bango. Makullin da take tuƙi da shi yana cikin jakarta. Na biyun ta ce yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin girki. Ta tura ƙofar. Ƙusa tana nan, makulli babu.

"Wa ke shigowa gidan nan in ba kya nan?"

Injiniya da ya biyo su a tasa motar ya amsa daga bakin ƙofa.

"Ni ina da makullin gida, amma rabona da nan ya fi wata guda. Ban ma san akwai wani makulli na biyu ba."

Sufeto ya buɗe firiji kamar mai neman ruwa. "Mama, wannan maganin hawan jinin da ke sama, ke kika saya?"

"Lafiyata ƙalau. Babana ne ke kawowa yana ajiyewa, ni kuma ina kai wa masu bukata."

Sufeto ya juya kwalin. Takardar kantin magani tana manne, da kwanan wata. Ranar Asabar ɗin da ta wuce.

"Direbana na aiko," in ji Injiniya da sauri.

"Ka ba direba makullin gidan mahaifiyarka?"

"Eh... ina ba shi wani lokaci."

"To madalla." Sufeto ya mayar da kwalin ya rufe firiji.

A cikin mota Saje ya ce, "Yallaɓai, ai mu tafi da shi kawai."

"Mu tafi da shi mu ce me? Ko ka ba shi makulli goma ba zai iya tashin motar ba. Mai makulli bai san mari ba, masu mari ba su da makulli. Mutum biyu muke nema, Saje. Kai mu gareji."

Garejin wani fili ne bayan gidan mai, da rumfar kwano da rami. Bakaniken tsoho ne gajere, hannuwansa sun yi baƙi har ba sabulun da zai fitar. Da ya ji an sace Barkono sai ya zauna a kan taya, kamar an yi masa rasuwa.

"Ina kake yau da sha ɗaya?" in ji Sufeto.

"Cikin ramin can, ƙarƙashin motar mai burodi. Tambaye shi, a kaina ya tsaya yana mita har azahar."

"Ka taɓa fita da Barkono?"

"Ni? Ban taɓa wuce ƙofar garejin nan da ita ba."

Ungozoma da ta biyo su ta ce, "Haba, Malam. Duk juyen mai sai na tarar an ƙara mata kilomita talatin. Garejin naka ne ke da wannan tsawon?"

Bakanike ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Ashe kin sani."

"Tun na farko. Na ƙyale ka ne don na ga kai ma ba ka taɓa samun mai kujera biyu ba."

"Wallahi Sista, sabuwar hanyar bayan gari kawai nake kai ta. Irin wannan injin in ba a buɗe masa murya ba, ciwo yake yi. Mutane suna ganin mita sai su tsorata. Motar da ta yi dubu ɗari uku tana tafiya ta riga ta nuna halinta. Wadda za ka ji tsoro ita ce wadda aka ajiye shekara biyar ana goge ta."

"Yaushe ka yi mata juye na ƙarshe?" in ji Sufeto.

"Kwana tara ke nan. Tana dubu ɗari biyu da casa'in da tara da ɗari da ashirin."

"A ina ka rubuta? Ban ga littafi a nan ba."

Bakanike ya zaro wata doguwar ƙusa daga aljihun gaba. "Ga alƙalamina. Ni ban yi boko ba, amma lamba ba ta gagare ni. Takarda tana ɓata, mai mota yana musu. Duk filtar mai da na ɗaura, sai na karce mita a jikinta, in yi 'yar alamar sifana a ƙasa. In mota ta dawo, ita ke gaya mini yaushe rabonmu."

"Ana gani daga sama?"

"Sai an shiga ƙarƙashi. Wa zai shiga in ba ni ba?"

Sufeto ya karɓi ƙusar ya jujjuya ta, ya mayar masa. "Wani ya taɓa tambayar ka motar?"

"Hannu-Ɗaya ya zo sau biyu. Wai irinta ta yi wuya yanzu, yaran masu kuɗi suna nema ido rufe. Ya ce in lallashi Sista ta sayar. Na ce ya je ya lallashe ta da kansa in yana da sauran haƙora."

Saje ya so su wuce kasuwar motoci nan take. Sufeto ya ce a'a.

"In muka je yau da kaki, gobe motar tana wata ƙasa, ko an yanka ta an sayar da kayan. Dillali ba ya iya riƙe kaya, hannunsa ƙaiƙayi yake. A ba shi kwana goma ya ga ba wanda ya neme shi."

Kwana goman nan Ungozoma a motar haya ta yi su. Kowace safiya direban ɗanta yana fakawa a ƙofar gidanta, kowace safiya tana wuce shi da jakarta ta je bakin titi ta tsaya. Ƙannen mijinta suka zo, 'ya'yanta mata suka bugo waya, kowa da irin nasa lallashin: Allah ne ya raba ta da wahala, ta huta haka nan. Ta ce da su duk ta ji, a gaida gida.

A rana ta goma sha ɗaya Sufeto ya sa kayan gida masu tsada da ya aro wurin surukinsa, da agogo mai ƙyalli, ya shiga filin Hannu-Ɗaya yana taku kamar mai gidan mai uku. Saje da sauran suna cikin wata mota a bakin titi.

"Alhaji, barka da zuwa. Wacce za a ba ka? Duk hannu ɗaya ne."

"Yarona ne ya gama jami'a, ya hana ni barci. Wai sai mai ƙofa biyu, ta tsere. Na zaga ko'ina babu."

Hannu-Ɗaya ya dube shi, ya dubi agogon. Ya rage murya. "Akwai wata, amma ban fito da ita ba tukuna. Sai wanda ya san darajar abu."

Ya kai shi wani shago a bayan fili ya ɗaga ƙofar ƙarfe. Mota ce ruwan toka, ƙofa biyu, tana sheƙi, ba lamba. Warin sabon fenti ya cika wurin. An barbaza garin katako a ƙarƙashinta.

"Shekaranjiya aka sauke ta daga jirgi. Wata baturiya ce ta riƙe ta, daga gida sai kanti. Duba mita da kanka."

Sufeto ya durƙusa ya leƙa. Dubu tamanin da huɗu. Ya kai ido ƙasa: robar kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito, fatar sitiyari ta yi santsi inda hannu ke kamawa.

"Baturiyar nan da takalmin ƙarfe take tuƙi?"

"Haka suke, Alhaji, ƙafarsu ba ta sauka daga kuloci."

"Takardu fa?"

"Suna hanya. Kafin ka gama biya sun iso."

"To tashe ta in ji muryarta."

Ka san hannu yana da nasa hankalin, ba ya shawara da kai. Hannu-Ɗaya ya shiga yana ta zuba, ya murɗa makulli rabi, ya ɗaga tafi ya mari dashbod sau biyu ta hagun sitiyari. Abin ya yi ƙugi can baya. Injin ya ɗauka.

Sufeto ya bari gurnanin ya cika shagon, sannan ya ce, "Me ta yi maka ka mare ta?"

"Wannan? Ƙura na kaɗe."

"To kashe. Ka sake tashin ta, ka bar ƙurar."

Hannu-Ɗaya ya kashe. Ya murɗa. Injin ya yi ta tari bai kama ba. Ya sake, ya sake. Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi.

Sufeto ya fito da katinsa ya nuna masa, ya ɗaga waya ya ce, "Saje, ku shigo."

Suka shigo su huɗu: Saje, da Bakanike, da Ungozoma, da Injiniya wanda aka ce masa ya zo ya raka mahaifiyarsa ganin wata mota. Da ya ga inda aka kawo shi, ya tsaya a bakin ƙofa.

Hannu-Ɗaya ya fito daga motar ya gyara riga. Bai karaya ba. "Ranka ya daɗe, duk irin wannan ƙirar haka suke, ciwonsu ɗaya. Ta Hajiya ja ce, wannan ruwan toka. Ta Hajiya ta kusa dubu ɗari uku, wannan ko ɗari ba ta kai ba. Duba lambar shasi in ka ga dama."

Saje ya duba. An goge wurin an buga sabuwar lamba, aiki mai kyau.

"Ka gani? Ni shekara ashirin ina wannan sana'a, ba a taɓa kama ni da kayan wani ba."

"Ba a taɓa kama ka ba, wannan gaskiya ne," in ji Sufeto. "Malam, bismilla."

Bakanike ya shimfiɗa buhu ya kwanta, ya ja jiki ƙarƙashin motar da sifana a hannu. Aka ji ƙarfe na taɓa ƙarfe. Ya fito da filtar mai, baƙin mai na bin hannunsa, ya goge ta da tsumma ya miƙa wa Sufeto.

Sufeto ya ɗaga ta wajen haske ya karanta a hankali. "Biyu, tara, tara, ɗaya, biyu, sifili. Ga kuma sifana a ƙasa. Malam dillali, motar da aka sauke daga jirgi shekaranjiya, yaya aka yi ƙusar wannan tsohon ta tsallaka teku?"

Hannu-Ɗaya ya zuba wa filtar ido. Ya sauya fenti, ya sauya lamba, ya juya mita kamar yadda ya saba yi wa kowace mota tun yana saurayi. Duk inda mai saye ke kai ido ya gyara. Ƙarƙashi kuwa dillali ba ya shiga, rigarsa fara ce.

Sai ya juya ya nuna Injiniya da yatsa. "To ai ba ni kaɗai ba ne. Ga wanda ya kawo mini makulli har ofis."

Ungozoma ba ta juya ba, motar take kallo.

"Umma," in ji Injiniya. "Ba sata na sa shi ba. Cewa na yi ya ɓoye ta wata ɗaya, ki saba da direba, sannan a ce an gano ta a sayar a ba ki abinki. Bayan kwana uku ya bugo mini ya ce wai an sace ta daga hannunsa. Na rasa wanda zan gaya wa."

"Haka aka yi?" Sufeto ya tambayi Hannu-Ɗaya.

"Haka aka yi. Na san ba zai iya kai ƙara ba, sai ya fara kai kansa. Ni na shiga asibitin na fito da ita. Mota irin wannan a ajiye ta a shago wata guda tana tsatsa, ranka ya daɗe, ai zalunci ne."

"Za ka yi wa alƙali wannan wa'azin. Saje."

Saje ya sa masa ankwa. Ungozoma ta ce a dakata. Ta zagaya ta leƙa mita, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙe ta tsaya gabansa.

"Ranar da muka yi ciniki me na ce maka?"

Ya kau da kai.

"Na ce ka bar mata shekarunta. Kilomita dubu ɗari biyu da goma sha biyar ka kwashe mata. Ta hau tudu da su, ta shiga ruwa da su, ba wanda ya tura ta. Kai a ganinka gyara ka yi."

Aka fita da shi, 'yan kasuwa sun yi cirko-cirko suna kallo. Wani daga cikinsu ya ce, "Yau dai hannu biyu ne, kuma a haɗe."

Sufeto ya ja Ungozoma gefe ya rage murya. "Mama, saura maganar ɗanki. Abin da ya yi laifi ne. Amma in kin so, akwai yadda ake rubuta bayani ya fito da sauƙi. Ana iya cewa ya ba da makulli ne don a duba motar."

Injiniya ya matso, ido ya yi ja. "Tsoro nake ji, Umma. Kullum na ji an yi haɗari sai gabana ya faɗi. Na rasa Baba, ba na so in rasa ki a kan titi."

"Na sani, Babana. Tsoron naka na yarda da shi." Ta gyara masa wuyan riga kamar yadda take yi yana ɗan makaranta. "Amma ka tsaya gaban hukuma ka ce na fara mantuwa, alhali makullina yana aljihun wani da hannunka. Wannan ba tsoro ba ne."

Ta juya wajen Sufeto. "Ban yarda a juya mitar mota ba, ba zan yarda a juya ta ɗana ba. A rubuta abin da ya yi yadda ya yi shi. Kada a ƙara masa, kada a rage. In an gama ni zan yi belinsa."

Haka aka rubuta, shi kuma ya sa hannu.

To ga yadda aka tashi. Hannu-Ɗaya ya yi asarar fili da suna da shekara uku a gidan yari, kuma da labari ya bazu, mutum goma sha ɗaya da suka sayi mota a wurinsa suka kai motocinsu garejin tsohon nan a duba musu gaskiyar mitarsu. Bakanike ya ci riba: har layi ake yi masa yanzu, kowa yana so a karce masa filta. Maigadi ya samu sabon benci mai dogayen ƙafafu. Injiniya ya sha da gargaɗin kotu, amma an karanta bayaninsa a bainar jama'a, ƙannensa suna zaune, kuma tun daga ranar ba a sake kiran taron iyali a kan Umma ba. Makullin gidan ma ya mayar.

Ungozoma ta yi asarar jan fenti, don ta ce ba ta da abin sake wani, Barkono ta zauna ruwan toka da sunanta. Mita kuwa kotu ta ba da izini aka mayar da ita inda take ranar da aka sace ta.

Sati uku bayan an sallamo motar, wata Asabar da hantsi, ta tsaya gefen sabuwar hanyar bayan gari saura kilomita ɗaya mita ta cika dubu ɗari uku. Mutumin da ke kujera ta biyu ya ƙanƙame bel da hannu biyu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Buɗe idonka, Babana," in ji ta. "Sau ɗaya ake ganin wannan."

Ta sa giya.